Littafin tarihin gida: daga bakin tsofaffi zuwa injin buga littafi na unguwar Asafo a Kumasi

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum iyaye da yayye. An ɗora min aikin haɗa tarihin zuriyarmu ta nan Kumasi, ƙasar Ghana, a littafi, za a raba wa dangi kamar kwafi 150. Abin da ke hannu shi ne muryar tsofaffi shida a waya, hotuna cike da akwati, da wasu takardun ajami. Ta ina ake farawa, kuma me zan tambayi mai buga littafi kada a yi min sakiyar da ba ruwa?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ɗana, mai buga littafi shi ne mutum na ƙarshe da za ka gani, ka bar shi tukuna. Inji ba ya tambaya, abin da ka ba shi zai maimaita sau 150, in kuskure ne ma haka. Yau ɗin nan ka kwafe muryoyin nan zuwa wuri uku: kwamfuta, filashi, da ma'ajiyar intanet. Kowane fayil ka sa masa sunan mai magana da ranar da aka ɗauka. Sannan ka zauna ka rubuta su kalma da kalma. Hirar awa ɗaya tana cin awa biyar zuwa shida wajen rubutawa, kada ka yi wa dangi alkawarin wata ɗaya.

Bayan haka kowane mutum a zuriyar ka buɗe masa kati guda: sunan yanka, laƙabi, uba, uwa, inda aka haife shi, sana'a, aure, 'ya'ya, inda aka binne shi, sai kuma wa ya faɗa maka. Layin ƙarshen nan shi ne ran aikin. Duk maganar da baki ɗaya kawai ya faɗe ta, a littafin ka rubuta "in ji wance". Wadda bakuna biyu da ba su zauna tare ba suka yi daidai a kanta, ita ce za ka rubuta kai tsaye.

Hajiya Mai Gyaran Rubutu: Malam ya gama magana. Ƙari ɗaya: tsofaffin nan shida, nawa ne mata? Maza suna riƙe da labarin fatauci da sarauta da wanda ya gina masallaci. Wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wane yaro aka ba wa riƙo, wannan yana wurin mata. Kuma a yi hira da su su kaɗai, in maigida yana zaune ba za ka ji rabin abin ba.

Ɗan Aboabo: Biyu ne mata, Hajiya. Zan ƙara.

Hajiya Mai Gyaran Rubutu: Ka kuma kula da wani tarko na Hausarmu ta nan. Da yawanmu ba mu raba "ya zo" da "ta zo", kowa "ya" ne. Tsohuwa za ta ce "ya haifi biyar, ya rasu a Yeji", mai rubutu ya ɗauka namiji ne, alhali kakarsa ake nufi. Sunaye irin su Sabo da Tanko ba su da rikici, amma laƙabi yana ruɗarwa. Duk sunan da ka ji, tambayi mace ce ko namiji kafin ka sa a kati.

Malamin Tarihi: Sai shekaru. Tsoho ba zai ce maka 1939 ba, zai ce shekarar girgizar ƙasa. Ka yi wa kanka jadawali ka riƙa auna magana da shi. Yaƙin basasar Salaga, wanda ya watsa fataken goro zuwa Karachi (Kete-Krachi) da Yeji da sauran wurare, 1892 ne. Yaƙin Yaa Asantewaa 1900. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi 1903. Annobar mura 1918. Dawowar sarkin Asante Prempeh na ɗaya daga Seychelles 1924. Girgizar ƙasar Ankara (Accra) Yunin 1939. Husufin rana Mayun 1947. 'Yancin kai 1957. An bar fam an koma sidi 1965. Dokar korar baƙi ta zamanin firaminista Busia Nuwamban 1969, wadda ta raba gidaje da yawa na zango gida biyu. Yunwa da korar 'yan Ghana daga Nijeriya 1983. In aka ce an yaye wane shekarar husufi, ka rubuta haihuwarsa "wajen 1945", kada ka ƙirƙiro masa rana da wata.

Takardun ajami kuwa yawanci shekarar Hijira ce a jiki. Ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1350 za ta ba ka 1931. Lissafin yana iya gocewa da shekara ɗaya, don haka ka buga duka biyun, ta Hijira yadda take a takarda, ta Miladiyya da "wajen" a gabanta.

Kawu na Yalwa: Malam, ku faɗa masa inda ake samun takardun gwamnati. Baki kaɗai ba ya isa.

Malamin Tarihi: Gaskiya ne Kawu. Hukumar adana takardun gwamnati, PRAAD, tana da ofishi a nan Kumasi, babban kuma yana Ankara, akwai wani a Tamale ga wanda kakanninsa suka biyo ta arewa. Akwai ma'ajiyar takardu ta Manhyia, inda shari'o'in kotunan Asantehene, sarkin Asante, suke. A Jami'ar Ghana da ke Legon, Cibiyar Nazarin Afirka tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattaro a shekarun 1960, har da na Alhaji Umaru Karachi wanda ya rasu 1934. Amma kafin ka hau mota, fara da akwatin gida: rasiɗin harajin gida, takardar fili, fasfon aikin hajji, takardar sallama daga soja, bayan bangon Alƙur'ani inda malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa.

In ka je ma'ajiya kada ka nemi suna da rubutu ɗaya. Akawun Bature yadda ya ji yake rubutawa. Usman zai fito Osumanu, Garba ya zama Gariba, Abubakar ya zama Bukari, Sa'idu Seidu, Husaini Fuseini, Muhammadu Mahama. Duk takardar da ka karanta ka kwafi lambar fayil ɗinta nan take, in ka fita ba za ka sake gane ta ba.

Mai Tsara Shafi: Wannan rikicin sunaye har cikin littafin yake biyo mutum. A zaɓi rubutu ɗaya ga kowane mutum, sauran a sa su a fihirisar ƙarshe: "Bukari, duba Abubakar". Kuma gidan da ke da Muhammadu goma sha biyu sai da lamba. Kakan farko 1, 'ya'yansa 1.1, 1.2, jikoki 1.2.1, haka har ƙasa. Gidan mata da yawa a ƙara harafi don ɗaki: 1.a1 ɗan uwargida, 1.b1 ɗan ta biyu. Akwai manhajar Gramps, kyauta ce, tana riƙe wannan duka. Kada a yi ƙoƙarin cusa zuriya gaba ɗaya a shafi guda, harafin zai koma kamar tururuwa. Kowane shafi hawa uku ya isa: kaka, 'ya'ya, jikoki, sai a rubuta "ci gaba a shafi na kaza".

Ɗan Aboabo: To da wane harshe? Yaranmu suna jin Hausa amma Turanci suke karantawa.

Kawu na Yalwa: Turanci. Su ake yi wa littafin. Wanda ke Bronx ko Hamburg bai taɓa ganin ƙ mai lanƙwasa ba.

Hajiya Mai Gyaran Rubutu: Kawu, a yi min afuwa, ban bi ku ba a nan. In aka juya maganar tsohuwa zuwa Turanci, labarin ya tsira amma muryar ta mutu. Kirarin gida, waƙar daka, yadda ake zolayar jika, ba su da Turanci. Wanda yake jin Hausa kuma yana karanta boko, shafi uku zai yi yana tuntuɓe, na huɗu ya miƙe.

Kawu na Yalwa: In ya kai shafi na huɗun ke nan.

Mai Tsara Shafi: Harshe biyu cikakku yana ninka shafuka, kuɗin takarda ma ya ninka. Hanyar da ta fi sauƙi: jikin littafi da harshe ɗaya, maganar tsofaffi a bar ta da Hausa yadda suka faɗe ta, kowane babi a rufe shi da taƙaitawar shafi ɗaya da ɗaya harshen, bayanin ƙarƙashin hoto kuma da duka biyun. Wannan bai fi ƙarin kashi goma cikin ɗari ba. Wane ne zai zama jiki, wannan dangi za su yanke.

Hajiya Mai Gyaran Rubutu: Kuma kada wani ya gyara wa tsofaffi Hausarsu ta koma ta Kano. Bayanin marubuci a yi shi da daidaitacciyar Hausa, maganar mutum a bar masa kayarsa.

Lauya: Salamu alaikum. Kafin a kai ga takarda, akwai abin da ke kai dangi gaban alƙali. Na ɗaya, gida da fili. Kada a rubuta "gidan wane ne". A rubuta "wane ya zauna a gidan daga shekara kaza". Jimla ɗaya a littafin da dangi suka buga da kansu, gobe wani zai ɗauke ta ya kai kotu a rikicin gado. Na biyu, masu rai. A 2001 aka soke dokar da ta mai da ɓata suna laifin ɗauri, amma ƙarar neman diyya tana nan daram. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012. Mai rai a sa sunansa da shekarar haihuwa kawai, ban da rana da wata, ban da lambar waya, ban da lambar gida. Cikakkiyar ranar haihuwa da sunan uwa su ne abincin 'yan damfarar MoMo (asusun kuɗi na waya), littafi kuma ba ka san hannun da zai faɗa ba. Na uku, duk wanda aka yi hira da shi ya sa hannu ko ya dangwala a takarda mai layi uku cewa ya yarda a buga, ko a ɗauki yardar a farkon muryar. Hoto ko shafi daga littafin wani kuwa sai da izini, haƙƙin mallaka a dokar 2005 yana bin marubuci tsawon ransa da shekara 70 bayansa.

Kawu na Yalwa: Akwai na huɗu da Lauya bai faɗa ba. Asalin wasu ɗakuna, wadda aka sayo, wanda aka haifa ba aure, sakin da aka yi da faɗa. A bar kaza cikin gashinta. Littafin zumunci ake so.

Malamin Tarihi: Kawu, ranku ya daɗe, a nan za mu ɗan ja. Salaga kasuwar goro ce kuma kasuwar bayi ce, wannan ba a ɓoye yake ba. In aka share mace daga littafi don asalinta, an share jikokinta ke nan, ko a ƙirƙiro mata uban da ba nata ba. Na biyun ya fi muni, don ƙarya ce da za a gada.

Kawu na Yalwa: Ba ku za ku zauna da su ranar suna da ranar addu'a ba, Malam.

Hajiya Mai Gyaran Rubutu: Ku duka kuna da gaskiya, amma shiru daban, ƙarya daban. Sunanta ya shiga, 'ya'yanta su shiga, a wurinsu. Yadda ta zo gidan, a kai wa jikokinta babin su karanta kafin a buga. Sun ce a sa, a sa da kalmominsu. Sun ce a bari, a bari, ba tare da an cike gurbin da tatsuniya ba. Cikakken rubutun hirar kuma a buga kwafi biyu a ajiye wurin manyan gida. Haka za a yi wa kowane ɗaki: babinsu a hannunsu mako biyu, babban ɗakin ya sa hannu a kai.

Malamin Tarihi: Na yarda da wannan, in dai kwafi biyun nan ba a hannun ɗaki ɗaya suke ba.

Mai Maɗaba'a a Asafo: To an zo wurinmu. Ɗana, kwafi 150 aikin injin dijital ne. Babban injin ofset sai an yi faranti ga kowane ninki, wato babbar takarda da ake buga shafuka da yawa a kanta a ninke, kuɗin farantin ɗaya ne ko kwafi 50 ko 5,000, don haka ba ya fara araha sai wajen kwafi 500. Ga lissafi: girman A5, wato milimita 148 da 210, harafi mai lamba 11, shafi yana cin kalma kamar 300. Kalma 40,000 za ta ba ka shafi 133, ka ƙara jadawalin zuriya da fihirisa ka kai 160. Hotuna shafi 16. Jimla 176, wato ninki 11 na shafi goma sha shida-shida. Ka tsaya a adadin da 16 ke rabawa, ko aƙalla 8, in ba haka ba za ka biya kuɗin farar takarda.

Takardar ciki giram 80. Giram 70 ta fi araha amma rubutun baya yana leƙowa. Hotuna a tara su wuri ɗaya a takarda mai sheƙi giram 130 ko 135, kada a watsa su cikin babi-babi, domin shafin da ke da ɗigon kala ɗaya kuɗin kala ake caji. Bango kati giram 300, a rufe shi da leda. Kaurin gadon bayan littafi: shafi 160 ganye 80 ne, kowane ganye kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, milimita 8 ke nan, hotuna su ƙara ɗaya, 9. Amma kada mai zanen bango ya yi aiki da lissafina, a haɗa littafin gwaji da ainihin takardar a auna da rula.

Ɗan Aboabo: Baba, gam ko ɗinki?

Mai Maɗaba'a a Asafo: Ɗinki. Gam mai zafi da aka saba da shi yana kama takardar rubutu, amma ba ya shiga jikin takarda mai sheƙi. Shafukan hotuna su ne ake yawan buɗewa, su ne kuma za su fara zubewa. Ga zafi, ga hunturu yana busar da gam ya tsage. A ɗinke kowane ninki da zare sannan a manna bango. Ya fi tsada, ya fi cin lokaci, araha kuwa ba ta ado. Sannan ka tambayi yadda za a yanka takardar. Takarda tana da jijiya, dole ta bi tsawon gadon baya. In aka yanka a karkace don a tsimi takarda, littafin ba zai kwanta in an buɗe ba, da damina kuma bango zai nannaɗe kamar ganye.

Mai Tsara Shafi: Hotunan akwati a yi musu sikan, ba ɗauka da waya ba. Ƙaramin hoto irin na fasfo a ɗauke shi a ɗigo 600 a kowane inci, babba 300 ya isa. Ma'aunin shi ne: hoton da zai ci faɗin santimita 10 a shafi yana buƙatar fiksel kusan 1,200 a faɗi. Dangin waje in za su turo ta WhatsApp su turo a matsayin fayil, in suka turo a matsayin hoto manhajar tana matse shi, a waya ya yi kyau, a takarda ya fito dishi-dishi. Hoton da ya manne da gilashi kada a ɓamɓare, a yi sikan ɗinsa da gilashin. Kuma kada a bar manhajar gyaran fuska ta taɓa su, tana shafe zanen fuska, shi kuwa zanen nan shaida ce ta asali.

Gefen ciki na shafi milimita 20, sauran 15. Hoton da zai kai bakin takarda a ba shi rarar milimita 3 don wuƙa. Sai ƙ da ɗ da ɓ: ba kowane salon harafi ke da su ba. Charis SIL, Gentium da Noto Serif suna da su, kyauta ne. Kada ka kai fayil ɗin Word maɗaba'a, kwamfutarsu za ta musanya harafin, ƙ ta koma akwati, shafuka su goce, fihirisa ta tashi a banza. PDF za ka kai, da harafin a kulle a ciki. Ajami in za a sake bugawa akwai salon Alkalami, amma hoton takardar ta asali a shafin hagu da fassarar boko a dama ya fi daraja.

Lauya: Lambar ISBN fa, wato lambar shaidar littafi ta duniya? Wasu suna ɗauka dole ce.

Mai Maɗaba'a a Asafo: In rabawa za a yi cikin dangi, ba dole ba ce. In ana so ya shiga shago ko ɗakin karatu, Hukumar Ɗakunan Karatu ta Ghana ke bayarwa ta ɗakin karatu na George Padmore a Ankara. A karɓo kafin a gama bango, don tana hawa bayan bango da shafin haƙƙin mallaka. A karɓa da sunan dangi, ba da sunan maɗaba'a ba.

Lauya: In aka fitar da shi ga jama'a kuma, dokar rajistar littattafai da jaridu ta 1961 ta ce a kai kwafin ajiya. A tambaya a wurin karɓar lambar, a ware kwafin tun a lissafi.

Kawu na Yalwa: Kuɗi. A tara kafin a buga, kowane ɗaki ya faɗi kwafi nawa yake so ya biya, ma'aji mutum ɗaya, kuma ba marubucin ba. Wanda ya ce a buga zai biya daga baya, kyauta yake nema.

Mai Maɗaba'a a Asafo: Ka nemi farashi a rubuce daga wuri uku, a Asafo ko New Town ta Ankara, da bayani iri ɗaya: girma, yawan shafi, nauyin takarda, shafin kala nawa, ɗinki, leda, yawan kwafi, ranar bayarwa. Takarda daga waje take zuwa, farashinta yana bin dala, don haka a rubuta kwana nawa farashin zai tsaya. Ka ba da rabi, sauran sai ka ƙirga kaya. Ka guji ƙarshen shekara lokacin kalanda, da watannin kafin zaɓe, injuna duka fosta suke bugawa, aikinka zai kwana a ƙasan tebur. Kafin a saki inji a buga maka kwafi ɗaya cikakke, ɗinkakke. Ka kai gida mako guda. Mutum ɗaya ya karanta sunaye da ƙarfi daga kati, wani yana bi a littafi. Ka sa hannu a kan wannan kwafin, shi ne hujjarka in sauran suka fito daban. In za ka karɓi kaya ka zaro goma daga kwali daban-daban ka duba ko akwai ninkin da aka juya ko aka maimaita. Ka buga 165, ba 150 ba, wani ɗakin da ya ce ba ya so zai dawo.

Ɗan Aboabo: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: in bayan an raba aka ga an manta wani, ko an haifi sababbi?

Hajiya Mai Gyaran Rubutu: Za a manta, ka sa wannan a ranka. Ka bar shafi huɗu masu layi a ƙarshe don haihuwa da aure da rasuwa, kowane gida ya cike da hannu. A shafin farko ka rubuta watan da aka rufe tattara sunaye, don kada mai jego ta ce an ƙi ɗanta.

Mai Tsara Shafi: Ka kuma karɓi ainihin fayil ɗin aiki daga wanda ya tsara maka, da hotunan da harafin, ba PDF kaɗai ba, ka sa wannan a yarjejeniya tun farko. Da dijital za ka iya gyara shafi biyu ka sake buga kwafi 20. Sai dai sabon suna a ba shi lambar da ke biye a ɗakinsu ko da shi ne babba, kada a taɓa lambobin da aka riga aka buga.